Alokeshan: asalin kalmar a harshen Latin, da abin da take nufi a takardar rumfarka

Kalmar allocation ta Turanci, wadda a bakinmu ta koma alokeshan, tana cikin kalmomin da ɗan arewa mazaunin kudu ba ya kwana biyu bai ji su ba. Ƙarshen wata ka kunna rediyo, za ka ji an ce an raba alokeshan a Abuja. Ka shiga kasuwa neman rumfa, tambayar farko ita ce wa ke da alokeshan ɗin wurin. Mu ma a kara haka abin yake, kowane mai turke yana da wata takarda da ya naɗe a leda ya ajiye a ƙasan akwati.

Ta mahaifina ta girme ni. Tun kafin a haife ni ya samu wurin da yake ɗaure shanunsa a karar garin da muke zaune, kuma duk tsawon shekarun nan in zancen ya taso cewa yake yi ya sayi wurin. Bara aka liƙa sanarwa a bakin kara, wai kowa ya kawo takardarsa a tantance, kuma akwai maganar tayar da wani ɓangare. Da daddare ya sa aka ɗauko ledar, ya miƙo min.

"Kai da ka yi boko, karanta mana da kyau. Kar ka tsallake komai."

Na karanta. Takardar ta ce an ba shi wurin ya yi sana'a, zai riƙa biyan kuɗi duk shekara, ba zai miƙa wa wani ba sai da izini, kuma hukuma na iya karɓa in buƙata ta taso. Ya yi shiru, can ya ce, "To ita alokeshan ɗin da aka rubuta a sama da manyan baƙaƙe, me take nufi?" Na ce, "Baba, rabo take nufi." Ya ce, "In rabona ne, ya za a yi a karɓe?" A nan na rasa amsa. Wannan tambayar ce ta sa na bi diddigin kalmar, ga kuma abin da na samo.

Gaɓoɓin kalmar

Latin harshen Rumawa ne, mutanen birnin Rum da ke ƙasar Italiya ta yau. Yanzu babu al'ummar da ke tashi da shi a matsayin harshen uwa, amma shi ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal, kuma kaso mai yawa na kalmomin ofis da kotu a Turanci daga gare shi aka aro.

Allocation gaɓa uku ce aka ɗinke. Ta tsakiya ita ce uwa: locus, wato wuri ko gurbi. Daga locus aka samu aikatau locare, sanya abu a wuri. Sai aka liƙa masa ad a gaba, wadda ke nufin zuwa ga. Sai kuma wutsiyar ƙarshe, tio, wadda ke mayar da aikatau ya zama suna, kamar yadda mu ke cewa raba sannan mu ce rabawa. In ka haɗa su, ma'anar ita ce sanya abu a gurbin da aka nufe shi da shi.

Wani zai ce to ina harafin d ɗin ya tafi, tunda ba adlocation muke gani ba? Harafin l ne ya haɗiye shi. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san irin wannan: ana rubuta alif da lam, amma a karanta as-salam da an-nur, saboda harafin gaba ya rinjayi na baya. Mu ma muna yi, bar shi ya koma bash shi, rigarsa ta koma rigassa. To haka ad da locare suka zama allocare. Shi ya sa ake rubuta kalmar da l biyu, kuma wanda ya san dalilin ba zai ƙara rubuta ta da ɗaya a jarrabawa ba.

Locare a kasuwar Rumawa

A nan ne abin ya ba ni mamaki. Locare ba ta tsaya ga ajiye abu kawai ba. A bakin 'yan kasuwa da alƙalan Rum, ita ce kalmar bayar da haya. Mutum ya sanya gidansa ko gonarsa ko dabbarsa a hannun wani na ɗan lokaci don a biya shi, to ya yi locare. Wanda ya ba da aikin gini kwangila, shi ma locare ya yi. Har uban da ya aurar da 'yarsa ana iya faɗa masa haka, kamar dai yadda mu ke cewa ya kai ta ɗakinta.

Dokar Rumawa ta raba ciniki biyu da kyau. Saye da sayarwa sunansa emptio venditio. Haya kuma locatio conductio: mai bayarwa shi ne locator, mai karɓa shi ne conductor. Wani malamin shari'a mai suna Gayus ya jera su daban-daban a littafin koyarwa da ya rubuta a ƙarni na 2 miladiyya, kuma da Sarki Jastiniyan ya sa aka tattara dokokin Rum a kundi a shekarar 533, haya babinta daban ta samu. Masana na baya sun kasa ta gida uku: hayar kaya, kamar gida ko gona; hayar ƙarfin mutum, wato ƙwadago; da kuma jinga, inda za a ba ka aiki ka gama a biya ka. Kwandastan da ke rataye a ƙofar danfo, sunansa daga conductor ɗin nan ya fito, duk da ma'anar ta bi wata hanya.

Abin lura shi ne ɗan haya a Rum ba shi da ƙarfi a kan wurin. In mai gida ya sayar, wanda ya saya yana iya fitar da ɗan hayar. Abin da ya rage masa kawai ya kai ƙarar wanda ya ba shi hayar ya nemi diyya. Gona kuma galibi shekara 5 ake ba da ita, in wa'adi ya cika a sake zama.

Ita kanta hukuma da wannan kalmar take aiki. Akwai wasu manyan jami'ai biyu masu ƙidayar jama'a da dukiya, waɗanda duk bayan kamar shekara 5 suke yin gwanjon kwangilolin gwamnati a bainar jama'a: gyaran hanya, gini, da karɓar haraji. Cikin harajin har da na kiwo. Makiyayin da zai shiga da garkensa makiyayar gwamnati sai ya rubuta adadin dabbobinsa ya biya a kan kowane kai, shi ya sa suke kiran harajin scriptura, wato abin da aka rubuta. Da na gaya wa Baba wannan sai ya yi dariya ya ce ashe jangali ya daɗe a duniya. Rum ma tana da kararta, wani fili a bakin kogin Taiba da suke kira Forum Boarium, ma'ana kasuwar shanu.

Yadda ta shiga Turanci

Daular Rum ta yamma ta faɗi a shekarar 476, amma Latin bai faɗi tare da ita ba. Ya ci gaba da zama harshen coci da makaranta da takardun fada a ƙasashen Turai, kusan yadda Larabci ya zama harshen wasiƙun sarakuna da alƙalai a ƙasar Hausa kafin zuwan boko. A wannan zamanin ne magatakarda suka yawaita amfani da allocare a littattafan lissafi.

A 1066 Wiliyam, sarkin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada, Latin kuma na rubuta takardu. Baitulmalin sarkin Ingila ana kiransa Exchequer, saboda a kan wani ƙyalle mai gida-gida kamar na dara ake jera ƙwayoyin lissafi. Sau biyu a shekara hakiman gundumomi kan zo su ba da bayanin kuɗin da suka tara. To wani lokaci hakimi ya riga ya kashe wani abu daga ciki bisa umarnin sarki, misali ya gyara ganuwa ko ya ciyar da dakaru. Don kar a ce ya ci kuɗin, sai fada ta rubuta wa ma'aikatan baitulmali takarda ta ce ku sanya masa wannan a lissafinsa. Kalmar umarnin a Latin ita ce allocate, kuma da ita ake kiran takardar kanta. Akwai 'yar uwarta liberate, wato ku saki, wadda ke ba da umarnin a fitar da tsabar kuɗi.

Ka ga kenan, tun farkon shigarta ofis, kalmar tafe take da hannun na sama: mai iko ne ke cewa a sanya wa wane kaza. Sunan allocation ya riga shiga Turanci da ma'anar amincewa da abin da aka kashe, aikatau allocate kuma ya bayyana a ƙarni na 17. Sannu a hankali ma'anar ta faɗaɗa ta koma ware wani kaso don wani mutum ko wani aiki. Latin bai bar takardun kotunan Ingila ba sai a 1733, don haka ba abin mamaki ba ne da har gobe lauyoyinmu ke jefa shi a magana.

Danginta da muke amfani da su kullum

Zuriyar locus tana da yawa, kuma wasu sun daɗe a bakinmu ba mu sani ba.

Location: lokeshan ɗin da direban tirela ke turo maka a WhatsApp in ya kusa shigowa gari.

Local: abin da ya shafi wuri guda, shi ne lokal ɗin da muke kiran ƙaramar hukuma da shi.

Locomotive: kan jirgin ƙasa, wato abin da ke motsawa daga wuri zuwa wuri.

Lieutenant: laftanar na soja. Locus ya zama lieu a Faransanci, tenant kuma mai riƙewa, ma'ana wanda ke riƙe wa babba gurbinsa.

Allow da allowance: alawus ɗin ma'aikata. Allocare ta bi ta tsohon Faransanci ta zama alouer, a can ta gauraya da wata kalma mai nufin yabo, sannan ta haye Ingila. Alawus da alokeshan 'yan ɗaki ɗaya ne.

Relocation: re tana nufin sake, don haka sake sanya abu a wani wuri. Wannan kam 'yan kasuwa sun san ta. Bayan rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, ita ce kalmar da ta cika jaridu lokacin da gwamnatin Legas ta yi maganar mayar da kasuwar Imota, wajen Ikorodu. Wanda ke da ikon sanya ka a wuri, galibi shi ke da ikon sake maka wuri, kalmomin biyu ma saiwarsu ɗaya.

Faransanci ya fi Turanci riƙe tsohuwar ma'anar haya. Masu zuwa fatauci Maraɗi ko Yamai ko Kwatano za su ga an rubuta à louer a jikin gida, ma'ana na haya ne. A can location haya take nufi, ɗan haya locataire, kuɗin haya loyer. Duk daga locare.

Masu kama da ita amma ba dangi ba

Akwai allot da allotment, waɗanda ma'anarsu ta yi kusa da allocate har mutane na musanya su. Asalinsu dabam ne. Lot kalmar tsoffin harsunan Jamusawa ce mai nufin ƙuri'a, wato rabon da ya faɗo maka. Wannan ita ta fi kusa da rabo a Hausa, kuma a nan na gane kuskuren fassarar da na yi wa Baba.

Akwai quota, ta kota sistem da ake jayayya a kai wajen ɗaukar aiki da shiga jami'a. Ita Latin ce, amma daga quota pars, tambaya ce: kaso na nawa?

Sai kuma lokaci namu na Hausa. Wani abokina ya rantse daga locus ya fito saboda sautin. A'a, daga Larabci ne, al-waƙt. Kamar sauti ba ta tabbatar da dangantaka, kamar yadda shanu biyu farare ba lallai garkensu ɗaya ba.

Ma'anarta a Najeriya

Turawan mulkin mallaka ne suka shigo mana da ita, kuma a wuri uku ta fi zama.

Na farko kuɗin tarayya. Tun 1946 aka fara kafa kwamitocin tsara rabon kuɗin shiga, daga na Phillipson, zuwa na Raisman a 1958, da na Okigbo a 1980. Yau sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a zuba kuɗin shiga a asusun tarayya a raba. Tsarin da ake bi ya ba gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60, bayan an ware wa jihohin da ake haƙo arziki a cikinsu aƙalla kashi 13 na abin da aka samu daga arzikin. Kwamitin FAAC ke zama duk wata ya raba. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi nasu kai tsaye.

Na biyu fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta ce a kafa kwamiti a kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma mai ba da shawara kan raba filaye, kalmar allocation na cikin sunan kwamitocin. Abin da mutum ke samu a ƙarƙashinta haƙƙin zama ne da amfani, C of O ɗin ma galibi na shekara 99 ake bayarwa. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ba da yardar gwamna ba, sashe na 28 ya ba shi ikon sokewa in akwai buƙatar jama'a da ta rinjaya, sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya a kan abin da ka gina ko ka shuka. Takardar alokeshan ta fili matakin farko ce, ba ita ce C of O ba.

Na uku kasuwa. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulki ya sa kasuwanni da mayanka da tashoshin mota cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Don haka rumfa ko turke a kasuwar hukuma, ƙasan wurin na hukuma ne.

Abin da za ka duba a takardarka

Kar wani ya ɗauka tarihin kalma zai tsaya masa a gaban alƙali. Kotu abin da aka rubuta a takardar take dubawa, da abin da doka ta ce. Amfanin sanin asalin shi ne ya sa ka daina jin saye duk lokacin da aka ce alokeshan. Tun bayan abin da ya faru, na karanta wa maƙwabtanmu takardu da dama, kuma ga abubuwan da nake fara nema.

Wa ya bayar? Ƙaramar hukuma ce, ko jiha, ko ƙungiyar kasuwa, ko wani mai kwangila da ya gina shaguna? Ƙarfin takarda gwargwadon ikon wanda ya sa hannu ne.

Sunan wa ke jiki? Da yawa sun biya wani kuɗi mai kauri ya bar musu wuri, amma har yau sunan na farko ne a littafin ofis. Ranar tantancewa ko ranar tashi, shi hukuma ta sani.

Akwai wa'adi? In akwai, yaushe zai cika, kuma ya ake sabuntawa? In ka ga an rubuta temporary, to na wucin gadi ne komai daɗewarka.

Me aka ce game da miƙa wa wani, da gado, da yin gini na dindindin? Kafin ka zuba siminti da kwano, ka san ko an yarda.

Sannan rasit. Kowace shekara ka biya, ka karɓa, ka ajiye, ka kuma ɗauki hotonsa a waya. Gobarar kasuwa ba ta tambayar me ke cikin akwati.

In maganar ta kai ta miliyoyi, ka je ka ga lauya.

Mu dai a wajenmu abin ya zo da sauƙi ta wani gefen. Sunan Baba ne a littafi, kuma rasit na shekara uku ne kawai ya ɓace, muka biya tara aka sabunta mana. Maganar tashi har yanzu tana nan, ba a fasa ba, ba a kuma sa rana ba. Abin da ya canza shi ne lissafinsa. Da yana shirin rushe rumfar katakon ya yi ginin bulo mai ɗaki biyu a wurin, har ya fara tara yashi. Ya fasa, ya juya kuɗin ya biya wani fili a gida, wanda muka bi takardunsa tun daga tushe.

Ran nan wani yaron dillali ya zo yana murna wai ya sayi turke a hannun wani da zai koma arewa. Baba ya tambaye shi takarda, ya nuna. Ya juya ta gaba da baya duk da ba ya karanta boko, sannan ya miƙo min.

"Duba mana, sunan wa ke jiki?"

Ba sunan yaron ba ne. Baba ya ce masa, "Ɗana, kafin mutumin nan ya hau mota, ka ja shi ku je ofis a juya sunan. Gobe da sassafe, kar ka bari rana ta yi."